Teburin Italiyawa: Fita Cin Abinci da Abokai

 

Mai girma shugaban wannan zama, malamaina da ke sahun gaba, iyayenmu mata, ɗalibai masu koyon girki da aikin otal, da sauran 'yan'uwa da suka bar harkokinsu suka zo, barkanmu da yamma. Ina gode wa waɗanda suka shirya taron nan, da suka ga dacewar in tsaya a gabanku. Allah ya saka musu da alheri.

Batun da aka ba ni shi ne fita cin abinci da abokai a gidan abincin Italiyawa. Na san akwai wanda da ya ga takardar gayyata ya ce a ransa, yanzu cin taliya ma sai an yi masa lacca? Yi haƙuri, Malam, ba ni aron kunnenka. A cikin zauren nan akwai masu shirin tafiya karatu, akwai 'yan kasuwa masu zuwa sayo takalma da tayil da injuna, akwai kuma waɗanda gobe su ne za su tsaya suna karɓar baƙi a irin waɗannan gidaje. Kowannenku wata rana aboki zai ce masa, zo mu je mu ci abincin dare. Abin da nake so in nuna muku shi ne, Italiyawa sun tsara cin abincinsu ne yadda zai tsawaita zama. Wanda ya gane haka zai ji daɗin daren. Wanda bai gane ba zai tashi yana ƙorafin an ɓata masa lokaci, an kuma ba shi abinci ɗan kaɗan. Zan bi maganar a kan abubuwa bakwai.

Na ɗaya: abincin wace Italiyar?

Ƙasar da muke kira Italiya ba ta haɗu a ƙarƙashin sarki ɗaya ba sai a 1861, birnin Rum ma bai shigo ba sai 1870. Kafin nan masarautu ne da birane masu cin gashin kansu, kowa da kuɗinsa da karin harshensa da tukunyarsa. Yau ƙasar tana da yankuna 20, kuma har yanzu tukwanen ba su haɗu ba. A arewa, wajen Milan da Turin, inda kogin Po ya ratsa, ana noman shinkafa da masara ana kiwon shanu. Don haka girkinsu na man shanu ne. Su ne masu risotto, shinkafar da ake dafawa ana zuba mata romo kaɗan-kaɗan ana juyawa har ta yi danƙo, su ne kuma masu polenta, wato tuwon masararsu. A Bolonya da ƙwai ake kwaɓa taliya, a murza, a dafa tun tana sabuwa. Idan ka gangara kudu, Napoli da Sisili, sai man zaitun da busasshiyar taliya da tumatir da kifi su karɓi gari. Napoli dai ba sai na gabatar da ita ga matasanmu ba, tunda Victor Osimhen ya ci musu kofin gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasar a 2023.

Mutumin da ya fara ƙoƙarin tara girke-girken nan wuri ɗaya domin matan gida wani ɗan kasuwa ne mai suna Pellegrino Artusi. A 1891 ya buga littafinsa da kuɗin aljihunsa, da girki 475. Mata daga sassan ƙasar suka riƙa aiko masa da wasiƙu, wannan ta gyara masa, waccan ta ƙara masa, har littafin ya kai girki 790. Ku lura, bugun farko shekara 30 bayan haɗuwar ƙasar ke nan.

Mene ne amfanin sanin wannan ga wanda ya zauna a tebur? Tambayarka ta farko ga mai hidima ta zama, me ake ci a garin nan? Kada ka je bakin teku ka nemi abincin kan dutse. Sannan ka san irin gidan da ka shiga. Ristorante shi ne mai tsari da tsada. Trattoria yawanci ta iyali ce, uwa a kicin, ɗa ko 'ya suna kai faranti. Osteria asalinta wurin shan giya ne da ake ɗan taɓa abinci, pizzeria kuwa sunanta ya faɗi aikinta. A yau sunayen sun cakuɗe, kana iya samun osteria da ta fi ristorante tsada. Ni dai shawarata, gidan da ka ga an liƙa hotunan abinci a ƙofa, an rubuta jerin abincin da harsuna shida, ga wani yana tsaye yana kiran masu wucewa, ka wuce. Don baƙi aka buɗe shi, 'yan gari ba sa shiga.

Wani abu kuma. Tsakanin 1880 da 1920 Italiyawa sama da miliyan 4 suka yi ƙaura zuwa Amurka, akasarinsu talakawan kudu. Da suka tarar da nama da araha, sai suka ɗora shi a kan komai. Daga can ne taliya mai manyan dunƙulen nama ta yi suna, daga can ne aka saba ɗora kaza a kan taliya a malale ta da kirim. Sau da yawa abin da za a kawo maka da sunan abincin Italiya a Landan ko Dubai ko Abuja ta Amurka ya biyo. Ba na kushe shi. Amma idan ka neme shi a Rum, mai hidima zai dube ka sau biyu.

Na biyu: daga ina taliya da tumatir suka fito?

An daɗe ana cewa Marco Polo ne ya kawo taliya daga ƙasar Sin. Lissafi bai yarda ba. Marco Polo ya dawo gida a 1295, alhali akwai takardar rabon gado a birnin Jenowa ta 1279 da ta lissafa kwandon makaroni cikin kayan da wani soja ya bari. Mu ƙara komawa baya. A 1154 malamin nan masanin taswira, Al-Idrisi, haifaffen Sabta a gaɓar Maroko, ya kammala littafinsa Nuzhatul Mushtaq a fadar Sarki Roger na Biyu a Palermo. A ciki ya ambaci wani gari mai suna Trabia, gabas da Palermo, inda ake yin taliya mai yawa ana loda ta a jiragen ruwa zuwa ƙasashen Musulmi da na Kirista. Kimanin shekara 100 ke nan kafin a haifi Marco Polo.

Ba abin mamaki ba ne a samu wannan a Sisili. Musulmi sun sauka tsibirin a 827, kuma mulkinsu bai ƙare gaba ɗaya ba sai 1091. Sun yaɗa noman rake da lemo, sun gyara hanyoyin ban ruwa. Har gobe idan ka je Trapani, a yammacin tsibirin, kuskus da romon kifi ne abincin alfaharinsu. Hikimar busasshiyar taliya kuwa ita ce ba ta lalacewa. Matuƙin jirgi zai ɗauke ta wata da watanni, talaka zai ajiye ta don ranar babu. Da alkama mai tauri ake yin ta, kuma tun 1967 akwai dokar ƙasa da ta wajabta hakan ga busasshiyar taliyar da ake yi ana sayarwa a cikin Italiya. Shi ya sa tasu take tsayawa a baki ba ta caɓewa.

To, tumatir fa? Wa zai yarda cewa Julius Kaisar na tsohuwar Rum ya rayu ya mutu bai taɓa ganin tumatir ba? Daga nahiyar Amurka ya zo, bayan tafiye-tafiyen mutanen Sifaniya. Wani likita masanin tsirrai, Mattioli, ya yi bayaninsa a 1544, amma mutane sun daɗe suna ɗari-ɗari da shi. Sai a 1692 wani mai girkin manya a Napoli, Antonio Latini, ya buga yadda ake miyarsa. Auren taliya da miyar tumatir, wanda duniya ke ɗauka tun fil azal yake, bai kankama ba sai a ƙarni na 19.

Kada kuma kyan faranti ya ruɗe ku, yawancin abincin nan na talakawa ne. A ƙarni na 19 manoman arewa sun dogara da tuwon masara kusan shi kaɗai, har wata cuta mai suna pelagra, mai lalata fata da ƙwaƙwalwa, ta yi musu ɓarna. Piza kuwa abincin 'yan dako da masu neman na yau ne a titunan Napoli, a naɗe ta a ci a tsaye. Ana ba da labarin cewa a 1889 wani mai gashi, Raffaele Esposito, ya yi wa Sarauniya Margherita piza mai launin tutar ƙasar, ja da fari da kore, aka sa mata sunanta. Masana tarihi da dama suna shakkar labarin. Abin da ba a shakka shi ne, a 2017 hukumar UNESCO ta sa sana'ar masu gashin piza na Napoli cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Tanderunsu na itace ne, zafinsa ya wuce digiri 400, piza ba ta kai minti biyu a ciki.

Na uku, kuma nan ne zuciyar maganar: jerin faranti.

Idan aka miƙo maka takardar jerin abinci za ka ga an kasa ta gida-gida. Da farko antipasto, ɗan abin buɗe baki: gasasshen burodi da tumatir da man zaitun, ko cuku, ko soyayyen kayan lambu. Sau da yawa a tsakiyar tebur ake ajiye shi kowa ya ɗiba. Sai primo, farantin farko, wanda shi ne taliya ko shinkafa ko miya. Sai secondo, nama ko kifi, kuma shi kaɗai yake zuwa, tsirara a faranti. Idan kana son ganye ko dankali a gefensa, wannan shi ne contorno, dabam ake nemansa, dabam ake biya. Sai dolce, kayan zaƙi ko 'ya'yan itace. A rufe da ɗan ƙaramin kofin gahawa.

Na ga wasu sun fara lissafi da yatsu. Kwantar da hankalinku, ba wanda ya wajabta muku cin duka. Sai a biki ko babbar rana ake bin jerin daga farko har ƙarshe. A daren abokai, faranti biyu sun isa, wani ya haɗa antipasto da primo, wani primo da secondo. Taliyar ma ba tuli ba ce, abin da ake auna wa mutum ɗaya bai cika wuce giram 100 ba kafin a dafa.

Me ya sa ba za a zubo komai lokaci ɗaya a huta ba? Dalili na farko na kicin ne. Ba a dafa taliya a ajiye. Sai kun kusa gama antipasto mai girki zai jefa ta a ruwa, ya tsame ta tana da ɗan sauran tauri, abin da suke kira al dente, ya ƙarasa ta cikin miyarta a kasko, a kawo da zafinta. Mutum ne ke jiran taliya a wurinsu. Dalili na biyu shi ne wanda ya fi jan hankalina. Tsakanin faranti da faranti akwai sarari na minti goma ko ashirin da ba kowa ke tauna komai ba. A wannan sararin ake hira. Kuma tunda tare ake kawo wa kowa nasa, tare ake kwashewa, babu mai riga wani gamawa ya tashi. Mai saurin ci dole ya jira mai nawa. Mai shiru-shiru, kafin a kai ga gahawa, an ja shi cikin zance. Ba sai an ce wa kowa zauna ba, jerin da kansa ya zaunar da ku.

Mu ma mun san wannan a ciyayya, inda magidanta ke fito da kwanukansu ƙofar gida bayan magariba, a buɗe na wannan a cinye, sannan a jawo na wancan, ana ci ana taɗi. Bambancin shi ne su sun ɗauke ta sun kai kasuwa, sun sa mata farashi.

Daga nan ne za ku fahimci abubuwa biyu da ke ba baƙo haushi. Na farko lokaci. Abincin rana wajen ƙarfe 1 ne zuwa 2 da rabi, daga nan a rufe kicin. Na dare ba a cika buɗewa kafin 7 da rabi ba, 'yan gari kuwa sai 8 da rabi ko 9 suke zuwa, a kudu ma su wuce haka, musamman da zafi. Wanda ya je ƙarfe 5 da yunwarsa zai tarar da kujeru a kife. Na biyu, ba a kawo maka takardar kuɗi sai ka nema. Za ka gama ci, a kwashe faranti, mai hidima ya yi ta wucewa ta gabanka kamar bai gan ka ba. Raini ne? A'a, girmamawa ce. A al'adarsu, ajiye wa baƙo lissafi bai tambaya ba tamkar ce masa tashi ka ba mu wuri ne. Gaskiya a manyan birane yanzu akwai gidajen da ke raba dare gida biyu, su faɗa maka lokacin tashi tun wajen kama tebur. Amma a trattoria ta asali, teburin naku ne har a fara share ƙasa. In kun shirya tafiya sai ɗayanku ya ɗaga hannu ya ce il conto, wato a kawo lissafi.

Na huɗu: ladubban tebur. Zan bi su da sauri.

Ba a yanka doguwar taliya da wuƙa, naɗe ta ake yi a cokali mai yatsu. Ba a barbaɗa cuku a kan taliyar kifi, suna ganin yana danne ɗanɗanon teku. A pizzeria kowa da pizarsa guda. Ruwa na kwalba ake kawowa, za a tambaye ka mai gas ko marar gas. Burodi yana kan tebur, kuma a cikin abokai ba laifi ka suɗe sauran miya da shi, mai girki ma daɗi zai ji. Gahawa mai madara, cappuccino, ta safe ce, idan ka neme ta bayan ka ci nama za a kawo maka, amma an gane baƙo ne. Tun Janairun 2005 an hana shan taba a cikin gidajen abinci. Sannan kada hayaniyar teburin ta tsorata ka. Mutum huɗu suna magana lokaci ɗaya, hannuwa suna tashi sama, ka ɗauka faɗa ne, ashe gardama ake a kan ko miyar kakar wane ta fi ta kakar wane.

Na biyar, wanda na san shi ya kawo da yawanku: yaya Musulmi zai ci a wannan tebur?

Mu faɗi gaskiya, alade yana da babban matsayi a girkin Italiya, kuma ba kullum yake zuwa a fili ba. Ku riƙe waɗannan sunaye: prosciutto, pancetta, guanciale, salame, mortadella, speck, lardo. Duk alade ne. Shahararrun taliyoyin Rum guda biyu, carbonara da amatriciana, da naman kumatun alade ake yin su. Miyar naman Bolonya, ragù, wadda aka ajiye ƙa'idar girkinta a ofishin 'yan kasuwar birnin a 1982, tana da pancetta tana da giyar inabi. Piza diavola tana da salame. Wanda ya fi ɓuya shi ne strutto, narkakken kitsen alade, da ake sawa a kwaɓin wasu nau'o'in burodi da kayan zaƙi, kamar piadina ta yankin Romagna da ɓawon cannoli na Sisili idan an yi su yadda aka gada.

Giya ma haka take ɓuya. Ana zuba ta a risotto tun farkon dafuwa, ana zuba ta a miyar kifi da ta nama. Wani zai ce maka ai wuta ta ƙone ta. Ba duka take tashi ba. Tiramisù wani gidan yana sa masa giyar Marsala, wani ba ya sawa. Babà na Napoli a cikin barasa ake jiƙa shi. A ƙarshen zama kuma mai gida kan kawo ɗan ƙaramin kofi kyauta, limoncello ko amaro ko grappa. Launin lemon tsami kada ya ruɗe ka, barasa ce mai ƙarfi. Ka yi godiya ka ce ba ka sha.

To me ya rage? Abu mai yawa, kuma cikin mafi daɗi. Ku tuna na ce girkin talakawa ne, talaka kuwa ba kullum yake ganin nama ba. Akwai taliya da tumatir da ganyen ɗoɗɗoya irin nasu. Akwai ta tafarnuwa da man zaitun da barkono. Akwai pasta alla Norma ta birnin Catania, mai soyayyen yalo. Akwai pesto na Jenowa. Kwaɓin pizar Napoli gari ne da ruwa da gishiri da yis kawai, don haka margherita da marinara ba su da matsala ta wannan fuskar. Ga gasasshen kifi, kuma mu mabiya mazhabar Malikiyya abin da ke cikin teku bai zame mana abin taraddadi ba.

Yadda za ka yi tambaya yana da muhimmanci. Kada ka tsaya a kan ba na cin nama, domin wani mai hidimar ba ya lissafa 'yan gutsattsarin pancetta a cikin miyar wake a matsayin nama. Ka ce senza maiale, ban da alade, ka ce senza vino, ban da giya. Dokar Tarayyar Turai ta tilasta wa gidajen abinci bayyana abubuwa 14 da ke tayar wa wasu mutane da rashin lafiya, kamar gyaɗa da ƙwai da madara, amma alade ba ya cikinsu. Saboda haka bakinka ne zai tsare ka. Tambayar kuma ba ta ɓata musu rai. Mutumin Italiya yana son a tambaye shi abin da ke cikin tukunyarsa, matsalar ita ce ka samu ya yi shiru bayan ya fara bayani.

Akwai mas'aloli uku da na bar wa malamai, ga su nan zaune. Yankan da ba na Musulmi ba. Cuku irin Parmigiano Reggiano, wanda ƙa'idarsa ta ce sai da sinadarin da ake cirowa daga tumbin ɗan maraƙi za a daskarar da madararsa, a kuma ajiye shi aƙalla wata 12. Da zama a teburin da wasu ke shan giya. Kowa ya tambayi malaminsa tun kafin ya hau jirgi, kada ya bari sai an zauna. Abin da zan ce ta fuskar zumunci shi ne, ka faɗa wa abokanka matsayinka tun ranar gayyata. Aboki na ƙwarai zai zaɓi wurin da ya dace da kai, ko ya mayar da haɗuwar ta zama ta piza ko ta gahawa da askirim. In kana son abin sha na gari marar barasa, nemi chinotto, lemon kwalba ne mai ɗan ɗaci.

Na shida: kuɗi, wanda shi ke raba abokai.

A ƙasan takardar za ka ga coperto. Kuɗin zama ne da burodi da shimfiɗar tebur, a kan kowane mutum, yawanci Yuro 2 ko 3. Ba cuta ba ce muddin an rubuta shi a jerin abinci, ka duba tun kafin ka zauna. Tukuici ba dole ba ne kamar a Amurka, in ka ji daɗi ka bar 'yan canji. Inda ake faɗawa rami shi ne kifi da nama na awo. Za ka ga ɗan ƙaramin farashi ka yi murna, ashe na giram 100 ne, kifin kuwa ya kusa kilo. Gasasshen naman nan na Fulorans, bistecca alla fiorentina, shi ma da nauyi ake sayar da shi, yakan kai kilo ko fiye, mutum biyu ko uku ke raba shi, kuma da ja a cikinsa ake kawo shi. Wanda ba ya son haka ya nemi wani abu, don mai gashi ba zai so ya busar maka da shi ba.

Wa zai biya? In mutum ya ce shi ya gayyata, ko ranar haihuwarsa ce, shi ke biya. In haɗuwar abokai ce kawai, abin da aka saba shi ne alla romana, a raba jimla daidai a kan kawuna, ba a bin wa ya ci me. Tsari ne mai sauƙi, amma ku dubi inda yake taɓa mu. Kai ka sha ruwa, su sun sha kwalabe uku na giya, aka raba daidai. Kuɗin me ka biya? Nan ma maganin a yi magana tun farko, cikin raha, cewa kai naka za ka biya. Ya fi a zo ƙarshe kana murmushin yaƙe kana zaro kuɗi.

Na bakwai. Na ga shugaba ya fara duban agogo, saura kaɗan.

Shin Italiyawa sun san darajar wannan zama nasu, ko kuwa sabo ne kawai? Sun sani, har sun yi faɗa a kansa. A 1930 wani marubuci mai suna Marinetti ya fitar da sanarwa yana neman a daina cin taliya, wai tana sa kasala. A lokacin gwamnatin Mussolini tana son rage shigo da alkama, tana tallar shinkafa. Ba su yi nasara ba, yau kowane mutum a ƙasar yana cin kimanin kilo 23 na taliya a shekara, babu ƙasar da ta kai su. A 1986 kuma, da aka buɗe McDonald's kusa da dandalin Piazza di Spagna a Rum, Carlo Petrini, mutumin garin Bra, da abokansa suka tashi da adawa. Daga nan ƙungiyar Slow Food ta samo asali, aka sa hannu a kan manufofinta a Faris a 1989, tambarinta kuwa dodon koɗi ne, don a nuna ba a gaggawa.

Sai dai ina da abin cewa a kansu. Wani lokaci tsaurinsu kan yi yawa, su riƙa magana kamar dokokin girkinsu daga sama aka saukar. Carbonara da ake rantsuwa da ita ba ta bayyana a rubuce ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Tiramisù ma bai girme ta ba. Wani malamin tarihi a Jami'ar Parma, Alberto Grandi, ya sha suka a ƙasarsa saboda faɗin irin wannan gaskiyar. Don haka idan aboki ya zare maka ido don ka nemi a ƙara maka barkono, kada ka ji kunya, ka nema. Ka girmama tsarin zamansu, wannan ya cancanta. Harshenka kuwa naka ne.

Ɗalibanmu masu koyon aikin otal, roƙona gare ku guda ne. Duk inda kuka samu kanku kuna hidima, ku san abin da ke cikin kowane faranti da kuke ɗauka, ta yadda in baƙo ya tambaya za ku ba shi amsa ta gaskiya, kuma kada ku kwashe farantin mutum alhali abokinsa bai gama ba.

Mai girma shugaba, malamaina, iyaye da 'yan'uwa, a nan zan dakata.  Wanda yake da tambaya ko gyara ko ƙarin bayani, ga abin magana nan, bismillah. Ina roƙon a fara da ɗalibai.